Fitsarin Kare Yana Ƙona Mini Ciyawar Gida

Tambaya: Malam, ciyawar da na shuka a harabar gidana tana bushewa a duk inda karen gadinmu ya yi fitsari. Mene ne mafita? Daga wani mai karatu a Samaru, Zariya.

Amsa: Malam, fitsarin kare yana ɗauke da sinadarin naitirojin da gishiri masu yawa, waɗanda idan suka taru a wuri guda sukan ƙona ciyawa kamar yadda takin zamani ke yi in ya yi yawa, musamman da rani. Ka riƙa kwarara ruwa a wurin nan take, ka wadata karen da ruwan sha, sannan ka saba masa da wani lungu mai yashi. Inda ciyawar ta mutu, ka kankare ta ka sake dasawa da faɗuwar damina. Kada ka zuba masa kanwa a abinci, domin tana iya cutar da shi.