Ƙanwata, ciki ba ya hana aiki a Faransa, amma ki riƙe takarda

Saƙonki ya iso daga Tawa: in kin zo karatu kin samu aiki, sai ga ciki, za a kore ki? Zancen biza a bar shi, wannan wata rigima ce.

A doka kam, babu mai korarki don ciki. Tun 1990 kotun Tarayyar Turai ta yanke magana a shari'ar Dekker, 'yar Holan da aka hana aikin koyarwa bayan ta faɗi cewa tana da cikin wata uku. Alƙalai suka ce namiji ba ya ɗaukar ciki, saboda haka wannan wariya ce tsantsa. Ranar ganawar neman aiki kuwa, ba dole ba ne ki faɗi kina da juna biyu, ko an tambaye ki. Kunyarmu ta gida, ki ajiye ta a bakin ƙofa.

Sai dai babu mai gidan aikin da zai rubuta "na sallame ta don ciki". Zai ce kin cika latti, ko kasuwa ta ja baya. Nan ne matanmu ke faɗuwa. Daga ranar da aka sanar da ke sallama, kwana 15 kike da su ki aika masa takardar likita mai nuna kina da ciki, ta gidan waya, irin wasiƙar da sai ya sa hannu zai karɓa. In kin yi haka korar ta rushe, sai fa in kin tafka babban laifi, ko riƙe ki a aikin ya gagara don wani dalilin da bai shafi ciki ba. In kika zauna kina kuka a waya da Inna, ana ta ce miki haƙuri, kwanakin suna tafiya. Kuma wannan damar ba ta aiki a lokacin gwaji na farkon ɗaukar aiki, abin da ba a cika gaya wa baƙi ba.

Kotun ma'aikata, Prud'hommes, ba ta neman ki kawo hujja cikakkiya. Ki kawo alamu, mai gidan aikin ne zai wanke kansa. Alamun su ne kwantiragi, takardar albashin kowane wata, saƙon waya da kwanan watansa. A watan Maris na 2023 kotun ƙoli ta Faransa ta amince a ba wata ma'aikaciya takardun albashin maza takwas abokan aikinta don ta gwada da nata. In kora ta tabbata ta wariya ce, diyya ba ta gaza albashin wata 6.

Aikin bayan fage kuma, wanda ake biya hannu da hannu, ko kusa kada ki karɓa. Takardar zama ta ɗaliba ta ba ki awa 964 na aiki a shekara, ki yi su da sunanki.