Amsa ga ɗan wana a kan Hausar jikata

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma sau uku na saurare shi. Ka ce ka ji jikata a waya tana ce wa ubanta "Baba, bar ni tafi", shi ne kake tambaya ko mu da muka daɗe a Ingila har yanzu Hausawa ne, ko kuwa suna ne kawai ya rage mana. Ka kuma ɗora da cewa ai dama wanda ya auri Baturiya ya san abin da ya ɗauko. Wannan ta ƙarshen ta yi mini ciwo, zan dawo kanta. Tunda kai malamin Turanci ne, bari mu fara da jimlar da ta tayar da ƙurar.

Kalma ɗaya tak yarinyar ta yar, wato "in". Mu cewa muke "bar ni in tafi", "na sa shi ya ci", "ƙyale ta ta huta". Sau biyu muke ambaton mutum: a kawo wakilin sunansa, sannan a sake kawo wanda malaman nahawu ke kira zagin aikatau. Sun iya raɗa suna, don aikatau a Hausa kamar sarki yake, in ba wajen ba da umarni ba, ba ya fita ba zagi a gabansa. Turanci kuwa yana da wasu 'yan aikatau, su let, make, see, hear, watch da feel, waɗanda in wakilin suna ya biyo bayansu sai aikatau na biyu ya zo shi kaɗai, ko 'yar kalmar nan ta Turanci "to" ba ya ɗauka. Yaro a nan daga safe har dare "let me go", "let me see", "let me try" yake ji yake faɗa. Da ta zo yi wa ubanta Hausa sai ta zuba kalmominmu a mazubin da bakinta ya saba da shi. Kalmomin duk namu ne, kuma ubanta ta zaɓa ta yi wa magana da su, alhali da ta yi Turanci ba wanda zai hana ta.

Abin da nake so ka duba shi ne mu ma mun yi irin wannan, ta ɗaya gefen. Sabuwar zuwa nake, sama da shekara 30 ke nan, na rubuta wata takarda a wurin aiki na ce "she made me to wait". Wata abokiyar aikina ta ɗauki biro ta soke to ɗin, ba ta ce uffan ba. Raina ya sosu ƙwarai, don ni a ganina na yi karatu. Bayan 'yan kwanaki na ji ita da kanta ta ce "I was made to wait". Na tare ta na ce ba ke kika soke mini wannan kalmar ba? Ta yi shiru tana tunani, ta ce ita dai ta san duka biyun haka suke, dalilin ne ba ta sani ba. Daga baya na gane: in jimlar ta fara da wanda ya sa ka, "to" ɗin ba ya zuwa; in an juya jimlar kai aka yi wa, sai ya dawo. Shi let ma ba ya yarda a juya shi haka, sai a koma ga "I was allowed to go". Want, ask, tell da allow dole su ɗauki to. Help kuwa ba ruwansa, "help me carry it" da "help me to carry it" duk daidai ne.

Kunnen Bahaushe ba ya son ya ji wakilin suna da aikatau sun haɗu ba komai a tsakani, shi ya sa muke cusa to a gurbin zaginmu. Ka duba takardun ɗalibanka, na tabbata za ka ga "make him to come", ka kuma ga kishiyarsa, "allow me go". Ba wanda ya ce sun fita daga sahun masu ilimi. Su kansu Turawan a da haka suke faɗa: fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1611 tana sa to bayan make. Harshensu ne ya sauya a hankali.

Akwai wurin da harsunan biyu suka zo ɗaya, kuma nan yaranmu ba sa tuntuɓe. "I saw him leave" shi ne "na ga ya fita", an gama. "I saw him leaving" shi ne "na gan shi yana fita", a tsakiyar abin ka riske shi. Jikar nan tawa da kake kuka da ita tana rarrabe waɗannan biyun a Hausa tsaf, ba wanda ya zaunar da ita ya koya mata.

Yanzu maganar surukata. Ku a can kuna ɗauka duk Baturiyar da ta shigo gida ta zo raba yara da harshen ubansu ne. Wannan baiwar Allah ita ta rubuta in, ka, ki, ya, ta, mu, ku, su a takarda ta manna a ƙofar firji, tun yarinyar ba ta fara tafiya ba. Takardar tana nan har yau, gefenta ya naɗe don tsufa. "Ka" da "ki" sun ba ta wuya, saboda you ɗinsu bai san mace ba bai san namiji ba, bai san ɗaya ba bai san taro ba. Ranar da ta fara ce wa marigayi mijina "sannunku da hutawa, Baba", da ku na girmamawa, sai da ya juya fuska ya share ido. 'Yar yankin Yokshaya ce, a arewacin Ingila, inda tsofaffi har yanzu suke cewa tha, wato kai ko ke, ragowar tsohuwar thou, kuma ita kanta in ta ce "give us a minute" kanta kaɗai take nufi. Saboda haka ta san wakilin suna ba abin wasa ba ne. Ɗana da na haifa ne ma yake kasala, in ya gaji da aiki sai ya amsa wa yara da Turanci, ita ce ke zungurarsa.

Ƙorafina a kanku ɗaya ne. In yaran nan suka kira suka yi kuskure, sai a fashe da dariya, a ce su maimaita, wani ma ya naɗa ya tura a WhatsApp na dangi. Na ga abin da hakan ya yi wa yayan jikar tawa. Sau ɗaya ya ce wa kawunsa "ina so ki zo", aka yi ta yi da shi, tun daga ranar in aka miƙa masa waya sai ya gaisa ya koma Turanci. Shekara biyu muna lallaɓa shi kafin bakinsa ya sake buɗewa.

Ranar Lahadi bayan la'asar ɗinku za ta kira ka, na riga na gaya mata. In ta ce "bar ni faɗa maka", kada ka tsayar da ita. Ka ce "to, bari in ji, sai ki bar ni ni ma in faɗa miki nawa". Tana da kunne, za ta ɗauka. Ka gaida babanka, ka ce masa ina nan ina jiran muryarsa.