Canjin jini ba ya kaiwa inda cutar take

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin tambaya ko wankin jini zai raba ƙaninki da shan kodin, kuma ko gaskiya ne canjin jini yana warkar da ƙanjamau. Aikina ba da shawara ne ga masu karɓar maganin ƙanjamau, kuma tambayar nan ta sha zuwa gabana.

Ƙwayar ƙanjamau ba a jini kaɗai take ba. Tana shiga ƙwayoyin garkuwar jiki ta laɓe, a kaluluwa da bangon hanji. Ko an juye jinin mutum kaf an zuba sabo, za ta sake fitowa. Labarin warkewar da ake yaɗawa yana da tushe, amma ba canjin jini ba ne. Timothy Ray Brown, wani mai ƙanjamau da ya warke, a Berlin a 2007, dashen ƙwayoyin ɓargo aka yi masa saboda sankarar jini, daga wani mai halittar da ba kasafai ake samu ba, wadda ƙofar da ƙwayar ƙanjamau ke bi, CCR5, take a rufe. Haka Adam Castillejo a Landan a 2016. Dashen kansa yana iya kashe mutum, shi ya sa ba a yi wa wanda ƙanjamau kaɗai ke damunsa.

Abin da ke ci mini rai shi ne masu ajiye maganin ƙanjamau su koma neman a cire musu jini. Na ga bawan Allah ya dawo mana bayansa duk tsagar ƙaho, wuyan rigarsa na zamewa daga kafaɗa don rama, alhali da ƙwaya ɗaya a rana, kyauta a asibitin gwamnati, yana zuwa kasuwarsa lafiya lau.

Shi kuwa ƙanin naki, jiki da kansa yana fitar da kodin cikin 'yan kwanaki. Sabon da ya yi da kodin yana ƙwaƙwalwa ne, da majalisar da yake zama, da damuwar da ta kai shi tun farko. Injin wankin jini na masu ciwon ƙoda ne. Don Allah ki kula: in ya daina na ɗan lokaci sannan ya koma ya sha yawan da ya saba, numfashinsa na iya tsayawa, domin jikin ya rage jurewa.

Ku lallaɓa shi zuwa asibitin ƙwaƙwalwa, irin na Dawanau a Kano ko na Barnawa a Kaduna, kada a ɗaure shi da mari. In kuma zai yi ƙaho don wata lalura, a buɗe sabuwar reza a gabansa. Allah Ya ba shi lafiya.