Shagunan da Jiragen Ruwan Yawon Shaƙatawa Ke Yabawa: Wa Ke Biyan Wa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. 'Yata da ke zaune a Seattle ta yanka mana tikitin jirgin ruwan yawon shaƙatawa zuwa Alaska, ni da mahaifinta. Ta ce a cikin jirgin za a raba mana taswirar shagunan da aka amince da su, kuma wai idan mutum ya sayi gwal ko daimon a wani shago daban, ba shi da garanti. Shin gaskiya ne kamfanin jirgin yana da kaso a cinikin waɗannan shaguna? Idan haka ne, in guje su ke nan?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Gaskiya ne, yana da kaso. Taswirar nan talla ce da aka biya kuɗinta, kuma shagon da ya fito a cikinta ya fito ne saboda ya biya, ba don an zagaya gari an gwada kaya da farashi an tarar ya fi na kowa ba.

Yawanci ba kamfanin jirgin ne yake gudanar da wannan harka da hannunsa ba. Akwai kamfanonin talla da yake ba kwangila, waɗanda suka yi suna a cikinsu su ne Onboard Media da Royal Media Partners da PPI Group. Su ne suke ƙulla yarjejeniya da masu shaguna a tashoshin da jirgi ke yada zango, irin su Juneau da Ketchikan da Skagway a Alaska, ko Kozumel a Meziko da St. Thomas a yankin Karibiyan. Mai shago yana biyan kuɗin shiga tsarin da na talla a mujallar jirgin da talabijin ɗin ɗakunan fasinjoji, sau da yawa kuma har da wani kaso na abin da fasinjojin jirgin suka saya a wurinsa. Daga nan kamfanin talla ya cire nasa, ya miƙa wa kamfanin jirgi nasa.

Mutumin da ya kamata ki fi lura da shi shi ne mai ba da lacca kan sayayya. Tun a farkon tafiya, galibi ranar da jirgi zai wuni a teku, za a kira fasinjoji babban zaure, ya fito cikin fara'a yana koyar da yadda ake gane daimon mai kyau, yana raba takardun rangwame da katin da za a nuna a shago a karɓi 'yar kyauta. Yana kwana a jirgin, yana cin abinci a jirgin, don haka kowa yana ɗaukarsa ma'aikacin jirgi ne mai ba da shawara tsakani da Allah, alhali ma'aikacin kamfanin talla ne, kuma samunsa ya rataya ne a kan kamashon cinikin da aka yi. Shi ya sa da kin shiga shagon za a tambaye ki sunan jirginku, wani lokaci har da lambar ɗakinki: da wannan ne ake lissafin wanda ya kawo ki. A ganina karɓar la'ada ba laifi ba ne, domin dillali a kasuwar shanu ma yana karɓa. Bambancin shi ne a kara mai saye da mai sayarwa duk sun san dillali ne, a nan kuwa fasinja yakan ɗauka mai gidansa ne yake yi masa nasiha.

Wannan ruɗani ne ya sa jihar Alaska ta sa baki. Dokar jihar ta wajabta a bayyana wa fasinja cewa shagunan da ake tallatawa a cikin jirgi sun biya kuɗi. A shekarar 2013 ofishin babban lauyan gwamnatin jihar ya yi sulhu da kamfanoni ukun da na ambata, bayan ƙorafe-ƙorafen cewa masu laccar suna kushe shagunan da ba sa cikin tsarin. Kamfanonin suka amince su biya dala 200,000 a haɗe, su riƙa sanar da cewa laccar talla ce, kuma su daina ɓata sunan sauran 'yan kasuwa. Saboda haka idan kika duba ƙasan taswirar za ki ga wannan bayani.

Batun garanti kuwa, yana da ƙamshin gaskiya amma an zuzuta shi. Tsarin yakan ba da garanti na ɗan gajeren lokaci, sau da yawa kwana 30, bisa sharaɗin cewa an cike takardar rajistar sayayya kuma an adana rasit. Abin da yake rufewa shi ne lahani a kaya ko kayan da ba su dace da yadda aka siffanta su ba. Ba ya rufe nadama, wato ki dawo gida ki ga kin yi tsada ko abin ya fita daga ranki. Idan kuma kika yi jayayya kan darajar dutse, za a nemi ƙiyasi daga ƙwararre mai zaman kansa wanda ba ya sayar da kayan ado, kuma ke za ki biya shi. Sannan shagon da ba ya cikin taswira yana iya ba da nasa garantin a rubuce, kuma dokar kare masu sayayya ta jihar tana hawa kansa kamar yadda take hawa kan kowa.

Ban ce ki guje su ɗungurungum ba. Manyan shaguna irin su Diamonds International suna da rassa a tashoshi da yawa, kuma wannan yana sauƙaƙa neman hakki bayan tafiya. Amma kuɗin da suke biya daga aljihun mai saye yake fitowa, don haka rangwamen da aka rubuta da manyan lambobi ba hujja ba ce ta araha. Kafin ku tashi, ki sa 'yarki ta duba farashin irin abin da kike so a Seattle ko a intanet. Idan gwal ne, ki tambayi nauyinsa da karat nawa ne, domin yawancin na waɗannan shaguna karat 14 ko 18 ne, ba 21 ko 22 da matanmu suka saba saye a Dubai da Saudiyya ba. Idan daimon ne mai tsada, ki nemi takardar shaida daga cibiya mai zaman kanta kamar GIA, wato cibiyar tantance duwatsu masu daraja ta Amurka, ki biya da katin banki ba tsabar kuɗi ba, kuma a rubuta sharuɗɗan mayar da kaya a jikin rasit. Kada saurin komawa jirgi ya sa ki yanke shawara a tsaye.

Wani abu kuma, da yawa daga shagunan kayan adon da ke bakin tashar Alaska ba na 'yan garin ba ne. Suna buɗewa ne a lokacin zuwan jirage, daga wajen watan Mayu zuwa Satumba, su rufe idan sanyi ya shigo. Idan tsaraba ta ainihin wurin kike so, ki ɗan taka zuwa titunan da ke bayan tasha, ki nemi tambarin Made in Alaska mai hoton uwar beyar da ɗanta, ko tambarin Silver Hand da ake liƙa wa aikin hannun 'yan asalin yankin.