Amsar tambayarka kan wiwi da maganin ciwo

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce abokinka na kafa maka hujja wai mutanen zamanin da sun yi maganin ciwo da wiwi, don haka shanta ba komai ba ne, kana so ka ji ko haka ne. Rabin zancensa gaskiya ne, sai dai rabin da ya yi masa daɗi ya ɗauka.

An yi magani da ita, ba musu. A Indiya da Sin an daɗe ana ba masu ciwon jiki. Wani likita ɗan Ailan, William O'Shaughnessy, ya ga haka a birnin Kalkata na Indiya, ya gwada, ya rubuta sakamakon a 1839. Daga nan likitocin Turai suka karɓa, a Amurka ma ta zauna cikin kundin magungunan ƙasar daga 1850 har 1942. Amma ruwa ne a kwalba, likita ke ƙirga ɗigo. Ba naɗawa ake yi a zuƙa ba.

Kuma tun kafin doka ta matsa, likitocin da kansu suka fara ja da baya, don ƙarfinta ba ya tsayawa wuri guda. Kwalbar yau kamar ruwa, ta gobe ta bugar da mutum. Ba ta narkewa a ruwa, balle a yi allurarta yadda ake yi da mofin, maganin ciwo mai ƙarfi, ga asfirin ya shigo kasuwa a 1899. Wa zai riƙe maganin da bai san awonsa ba?

Sai a 1964 masanin kimiyya Raphael Mechoulam da abokin aikinsa a Isra'ila suka ware THC, sinadarin da ke sa maye a wiwi, aka samu abin aunawa. Shi ya buɗe hanyar irin su Sativex, maganin da ake yi da wiwi na fesawa a baki, wanda Kanada ta amince da shi a 2005 don ciwon jijiyoyi. Yana rage wa wasu raɗaɗi, sauƙin kuwa ba mai yawa ba ne, ga jiri ga barci. Abin da ya fi damuna da ku matasa shi ne ƙwaƙwalwar da ba ta gama nuna ba, domin yawan shan mai ƙarfi na iya taɓa hankali.

In kun haɗu da abokin naka, ka gaishe shi, ka tambaye shi ina ke masa ciwo, kuma wane likita ya auna masa.