Ranar da muka yi Azahar a gida

Kawu, ina yi maka fatan alheri. Yaya ya isar mini da tambayarka: wai ta yaya jama'ar Musulmi a nan birnin Buffalo na Amurka za su bar Juma'a saboda ƙanƙara, alhali ku a tsakiyar hunturu ma kuna yafa bargo ku fita Asuba?

Iskarmu da taku duk daga arewa suke, hanyar da suka biyo ce daban. Taku ta ratso Sahara ta kwaso ƙura, ta bar ku da kaushi da fashewar leɓe. Tamu daga can ƙuryar Kanada take gangarowa, ta bi ta kan tafkin Erie da ke gefen garinmu tun ruwansa bai daskare ba. Da yake ruwan ya fi ta ɗumi, sai tururi ya tashi, ta sha ta ƙoshi, tana hawa tudu ta juye mana shi dusar ƙanƙara. Wani lokaci unguwa guda a binne, ta gaba kuwa rana na haskawa. A Nuwamban 2014 wasu garuruwan kudu da Buffalo sun samu kusan mita 2 cikin 'yan kwanaki.

Ta ranar Juma'a, 23 ga Disamban 2022, da guguwa ta zo. Na buɗe ƙofa ban ga motata ba, ga ta kuwa taku biyar daga inda nake tsaye. Hukuma ta hana tuƙi. Sama da mutum 40 suka rasu a yankinmu, wasu a cikin motocinsu, Allah Ya kyauta. Liman ya aiko saƙo kowa ya yi Azahar a gida, ya tuna mana Ibn Abbas ya taɓa sa ladani ya faɗi haka ranar wata Juma'a mai ruwa da taɓo.

Mu 'yan kaɗan ne a nan, shi ya sa da an yi hasashen irin wannan, sai a tanadi shinkafa da garin tuwo, a raba sunaye. Kowane magidanci da ɗalibi ko sabon zuwan da zai riƙa kira. Abin da muka fi nanata musu shi ne su share bakin bututun da ke fitar da hayaƙin na'urar ɗumama gida, domin in ƙanƙara ta toshe shi, iskar da ke dawowa ciki ba ta da wari, a barci take ɗaukar rai.

Da aka buɗe hanya, matata ta tuƙa tuwo da miyar kuka, na ɗauki shebur da kula na nufi ɗakin yaron da aka ba ni. Ɗan Zariya ne, wata huɗu ke nan da zuwansa.