Ga ƙanena mai shirin zuwa Konya karatu

Ƙanena, na saurari saƙonnin muryar da ka turo, har da wanda Gwaggo ta karɓi wayar ta ƙara nata a kai. Na ji daɗi da ka samu burs ɗin Turkiyya, wato tallafin karatu, kuma aka ba ka Konya, garin da nake. Allah ya sanya albarka. Amma abin da kuka roƙa, wato in ɗauke ka ka zauna wurina a gidan haya, ko in nemi hanyar da za a haɗa ka ɗaki ɗaya da ƴan Nijar a gidan kwanan ɗalibai, ba zan yi ba. Na biyun dama ba a hannuna yake ba, masu gidan ne ke raba ɗakuna. Na farkon kuwa ina da iko, ƙi na yi. Ka gaya wa Gwaggo ba rowa ba ce, ban manta tuwon da na ci a gidanta a Bagalam ba. Duk shekara in sakamako ya fito sai irin wannan roƙo ya zo mini daga Maraɗi, kuma na ga yadda yaran da aka yi wa wannan gatan suka ƙare.

A shekararka ta farko ba za ka taɓa darasin injiniya ba. Turkanci za ka yi a TÖMER, cibiyar koyar da harshen, sai ka kai matakin ƙwarewa na C1 kafin ka shiga sashenka. A ajin nan Baturke ɗaya ne, shi ne malami. Sauran Somaliyawa ne da ƴan Afganistan da Indunusiya da Chadi, dukanku kame-kame kuke yi. Wurin da za ka ji Turkancin gaske, mai gudu, mai ba'a da gatse, shi ne ɗakin kwananka. Yaron da ya tashi daga aji ya koma gidan da ake Hausa da Zabarmanci da Faransanci zai iya cin jarrabawar takarda, amma ranar da ya zauna a zauren lacca cikin Turkawa, malami na zuba bayani ba ya jiran kowa, ranar zai san bai iya ba. Na san waɗanda suka yi ta maimaita aji har aka yanke musu burs, suka koma gida suna cewa wariya aka yi musu. Ni a yurt, wato gidan kwanan ɗalibai, na koyi harshen da yau nake yi wa Alhazan Maraɗi tafinta da shi in sun zo sarin kaya Santambul, kuma ba wanda ya taɓa ɗauke ni ya kai ni gidan haya.

Yurt shi ne gidan kwanan, ka fara sabawa da sunan. Maza daban, mata daban. A ɗaki za ku kasance ku huɗu, wani wurin shida, kowa da gadonsa da kabad. Ƙarfe 11 na dare ake son kowa ya shigo, kwana a waje kuma sai da izini. Ba a girki a ɗaki. Da safe za a ba ka zaitun da cuku da tumatir da burodi, kai da ka saba da kunu da ƙosai, kuma ayran ɗin da suke sha nono ne da gishiri. Za ka yi kwanaki kana tashi daga tebur da yunwa. Zai wuce, ba wannan ne abin damuwata ba.

Abin da nake so ka shirya masa shi ne mutane. A ɗakina na farko akwai wani yaro da duk lokacin da na shigo sai ya tashi ya buɗe taga. Cikin sanyi fa, kuma Turkawa mutane ne masu tsoron iskar taga, sun yarda ita ke kawo ciwon wuya da mura. In na rataya tawul kusa da nasa sai ya cire nasa ya canza masa wuri. Bai taɓa gaya mini baƙar magana ba, kuma da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi, don da na san abin da zan amsa. Ina wanka safe da dare, ina wanke kayana, ina kwanciya in juya fuska bango ina tunanin me na yi wa ɗan mutane. Daga baya ya nemi a canza masa ɗaki, aka canza. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. A tiram ma, jirgin ƙasan cikin gari, za ka ga kujerar kusa da kai babu kowa alhali mutane na tsaye, wani ya ɗaga waya ya ɗauke ka hoto bai tambaye ka ba, yara su bi ka suna kiran Osimhen, ɗan ƙwallon nan na Nijerya. Wannan duk zai same ka, gara ka ji daga bakina.

Sai dai ka iya rarrabewa. Da yawa daga cikin abokan ɗakinka ƴan ƙauyukan Anadolu ne, wato ɓangaren ƙasar da ke Asiya, ba su taɓa zama kusa da baƙar fata ba. Za su tambaye ka ko kuna da mota a garinku, ko ka taɓa ganin zaki, kuma sai ka gaji da bayanin cewa Nijer daban, Nijerya daban. Rashin sani ne, ba ƙiyayya ba. Ka duba yadda mutum ke karɓar amsa: wanda ya ce ka nuna masa hoton gidanku, ya tambayi sunan mahaifiyarka, wannan ka riƙe shi. Wanda ya maimaita tambayar gobe a gaban jama'a don a yi dariya, ka fita harkarsa. In ya matsa, ka je ofishin yurt ka faɗa. Kada ka ɗaga hannu ko da kai ne mai gaskiya, don shi in an kore shi gidan ubansa zai koma, kai kuwa takardar zamanka ce za ta shiga matsala.

Mu ma muna da namu halin da ke ƙona musu rai, kuma ba za su faɗa maka ba, sai dai ka ga fuska ta canza. Konya na gaban Maraɗi da awa 2. Lokacin da ƴan fadarku suka gama cin tuwo suka ɗora shayi suka tuna da kai, nan sha biyun dare ta yi, mutane na barci, kai kuma ka saki murya a lasifika kana ƙyaƙyata dariya. Ka sayi abin sawa a kunne, ka fita baranda. In ka yi alwala ka goge ruwan da ka zubar, don Baturke ba ya jure ya taka jiƙaƙƙen ƙasa da safa. Takalmin waje a bakin ƙofa yake tsayawa, silifa ake sawa a ciki. Agogon Asuba ka sa shi ƙarƙashin matashi, kada ya yi ta kuka kai kana munshari. Zo mu zauna zo mu saɓa ne, amma yawancin faɗan ɗaki da na gani a kan irin waɗannan ƙananan abubuwa ya tashi.

Kai ɗan fada ne, ba sai na koya maka abin da shayi ke yi tsakanin mutane ba. Nan ma haka yake, sai dai a ƙananan kofunan gilashi ake sha a kantin yurt. In an ce taso mu sha shayi, ka tashi, ko ka gaji, ko rabin hirar ba ka ganewa. Ka zauna ka saurara, ka yi kuskure su gyara maka. Sau biyu ko uku in ka ce a'a, sun daina kiran ka ke nan, ba don fushi ba, sun ɗauka ba ka so. Haka ƙwallo: suna haɗa kuɗi su kama ƙaramin filin roba na awa ɗaya da dare, kuma kullum ana neman cikon mutum. Tun makon farko za a tambaye ka Galatasaray kake ko Fenerbahçe ko Beşiktaş, ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai. Su ma mutanen gaisuwa ne kamar mu. Ka riƙe kolay gelsin, sannu da aikinsu ke nan, ka riƙa gaya wa mai gadi da mai shara da matar da ke zuba abinci. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai, su ne za su fara lura ba ka sauko ba.

Akwai abu ɗaya da nake so ka kiyaye da kyau. Turkawa na da kyauta, za su yi ta rige-rigen biya maka shayi da abinci, in iyayensu mata sun aiko da kwalin abinci daga gida za a shimfiɗa a tsakiyar ɗaki a ce bismillah. Ka ci, ƙin ci cin fuska ne. Amma kada ka bari ka zama wanda kullum ake yi wa. Ka biya naka zagayen ko da faɗa ne. Ka buɗe jakarka ka ba su dakuwa da ƙuli-ƙuli su ɗanɗana. Lissafin da ka yi a lise kafin bak zai yi maka rana, ka zauna da wanda abin ya shige wa duhu ka nuna masa. Wanda ke jin tausayinka ba zai taɓa kawo maka damuwarsa ba, kuma zaman da babu wannan ba ya wuce shekara.

Maganar addini ka bar ta a bakinka. Turkawa Hanafiyya suke bi, za ka ga ba sa ɗaga murya da amin, wutirinsu raka'a uku ne a haɗe, bayan sallama ladan ya ja tasbihi kowa ya bi. Na san irin tarbiyyar da muka taso da ita a Maraɗi, kalmar bidi'a ba ta yi mana nauyi a baki. Nan ka haɗiye ta. Za ka kwana da wanda ba ya sallah, da wanda ke cin abinci da rana a Ramadan. Ba wa'azi aka turo ka ba, ka yi taka ibadar. Siyasa kuwa ko an ja ka kada ka shiga. Tun yunƙurin juyin mulkin 15 ga Yuli 2016 ana sa ido sosai kan wanda kake hulɗa da shi, don haka duk wanda ya zo da fara'a ya ce akwai gida kyauta da abinci kyauta in za ka riƙa zuwa zamansu, ka ce sai ka yi shawara, ka kira ni. Cin mutuncin Atatürk, wanda ya kafa jamhuriyarsu, laifi ne a dokarsu tun 1951. Ranar 10 ga Nuwamba da ƙarfe 9:05 na safe za ka ji jiniya, motoci su tsaya, kowa ya ƙame. Lokacin rasuwarsa ne a 1938. Ka tsaya kai ma, kada ka yi dariya.

Ƴan ƙasarmu suna da ranarsu, ban ce ka guje su ba. Su za su raka ka neman takardar zama, su za su dafa maka tuwo da miyar kuka a gidan haya ranar da kewa ta kai maka wuya. Amma ba duk wanda ya yi maka Hausa ne ɗan'uwanka ba. Kuɗin burs ɗina na farko wani babba a cikinmu ya ranta, da rantsuwar zai biya ƙarshen wata, har ya bar ƙasar ban ga ko lira ɗaya ba. A cikinmu ne kuma ake samun mai ɗaukar labarinka ya ƙara masa gishiri, kafin ka farga ya isa Sabon Gari. Kada ka ba kowa lambar asusunka na banki ko katinka don a shigo da kuɗi a ba ka lada, kada kuma a sayi layin waya da sunanka. Kuɗin damfara da na caca ake wucewa da su ta nan, kuma mai asusun kotu ke kira. Kuɗin burs na mutum ɗaya ne, shi ma da lissafi. A Oktoban 2022 hauhawar farashi a nan ta kai kashi 85 cikin ɗari a ƙididdigar gwamnati, muna ji muna gani kuɗin wata ya daina kai wata. Duk wanda ke gida ya ce ka aiko masa waya, ka ce masa ɗalibi ne kai. Taka wayar ma bayan kwana 120 za a toshe ta in ba a yi mata rajista ba, kuma kuɗin rajistar ya fi kuɗin irin wayoyinmu.

Nuwamba da Disamba su ne masu wuya. Ɗokin zuwa ya ƙare, dusar ƙanƙara ta fara, rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 8, kafin 6 na yamma duhu ya rufe. Za ka ga hotunan abokanka na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo suna cin abincin gida, ka ji kamar ka tattara ka koma. Lokacin ne yara ke shigewa bargo da waya su daina zuwa aji. Ka sauko kantin ko ba ka da abin faɗa. Da Sallah kuma yurt na zama kango, kowa ya tafi garinsu. In abokin ɗaki ya ce ka biyo shi, ka bi shi. Ni wani yaro ɗan wajen Beyşehir ya fara kai ni gidansu da Sallar layya. Ya koya mini a mota cewa in na shiga in sumbaci hannun kakarsa in kai goshi. Aka zuba mini kolonya, wato turaren ruwa, a tafi, aka miƙo alewa, tsohuwar ta riƙe hannuna tana tambayar ko uwata ta san inda nake. Har yau mahaifinsa in ya kira ɗansa sai ya ce a ba ni wayar.

Rigar sanyi kada ka ɓata kuɗi a gwanjon Maraɗi, ta ɗarinmu ba ta yin komai a nan, za mu saya in ka iso. Ka taho da man kaɗanya don fata, da injin aski mai kyau, masu askin nan ba su iya gashinmu ba. Yaji da kuka da busasshiyar kuɓewa ka ƙulle su sosai a leda biyu. Daddawa ka kawo mini in ajiye a wurina, kada ta kwana a kabad ɗin ɗakin mutum huɗu. Kilishi kada ka ɗauko, ba a shigowa da nama ta filin jirgi. Da zarar tikitinka ya fito ka turo mini ranar tashinka daga Yamai, zan tare ka. Ka gaida Gwaggo da Kawu.